Ardis Ensley da Jan Kifin Tafkin Baker

Shekara goma sha tara na yi ina gyaran motocin makarantar yankinmu, kuma a cikin duk direbobin da suka riƙa kawo mini bas, Ardis Ensley ce kaɗai ba ta taɓa ce mini "wani abu na ƙara" ta tsaya a nan ba. Za ta faɗa maka ta wane ɓangare ƙarar take fitowa, a wane gangare take farawa, da ko injin ya yi zafi ko bai yi ba. In ka buɗe, abin da ta faɗa shi za ka tarar. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, kanta ya yi furfura tun tana da shekara arba'in da 'yan kai. Gidanta yana kallon nawa a Lyman, titi ne kawai tsakaninmu, don haka ko bayan da muka ajiye aiki ban daina ganinta ba.

Mijinta Doyle mai saran itace ne. Shekara talatin da huɗu ya yi da injin zarto a kan duwatsun nan, har kunnensa na hagu ya toshe, yatsunsa biyu suka sandare. Ba ya zuwa coci, ba ya kallon ƙwallo, bai san wani hutu ba in ba kamun kifi ba. Yana da jirgin ruwa na alminiyon mai inji, kuma tun shekarar da aka fara barin mutane su kama jan kifin nan da muke kira sokai a tafkin Baker, watan Yuli bai taɓa samun Doyle a gida da safe ba. Ardis takan bi shi ranakun Asabar. Aikinta ta riƙe sitiyari ta miƙa burodi da gahawa. Bai taɓa barinta ta taɓa sandar fatsa ba. Cewa yake hannunta na tuƙi ne, ita kuma ba ta damu ba, don a lokacin kifi bai dame ta ba. Littafi take tafiya da shi.

Wata safiya a watan Nuwamba Doyle yana jera itacen hura wuta a bayan gida, ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Bayan wata biyu a asibiti aka dawo da shi a keken guragu da kalmomi huɗu kacal a bakinsa: "a'a", "to", "nawa", sai wani zagi na masu saran itace da ba zan rubuta ba. Ardis tana da shekara sittin da ɗaya a lokacin, bai fi wata biyar da ajiye makullin bas ba.

Jirgin ya tafi a watan Maris. Babu mai jansa, babu mai saukar da shi ruwa, ga banɗaki da ake son faɗaɗawa don keke ya shiga. Ranar da mai saye ya zo, Doyle ya sa aka juya kekensa ya ba taga baya.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne abinci. Doyle ya ƙi ci. Ta dafa dankali, ta yi miyar wake irin ta mahaifiyarsa, ta niƙa, ta tace, sai ya ɗanɗana cokali biyu ya ture. Mutumin da a da sai ya karkata kafin ya shige ƙofar kicin, ya koma ana ganin ƙasusuwan wuyansa. Wata rana a watan Mayu tana share kantar ajiya ta ci karo da kwalba ɗaya ta ƙyafaffen jan kifi da ya yi da hannunsa, ta ɓuya bayan kwalaben tumatir. Ta buɗe masa ba tare da ta sa rai ba. Ya cinye tas, ya sa yatsa ya lashe man da ya rage a ƙasa. Washegari ta je kanti ta sayo wanda ake sayarwa a leda. Ya sansana, ya ce "A'a."

Da an ce ta roƙa, akwai waɗanda za su ba ta kifi ɗaya ko biyu a garin nan. Amma Ardis ba ta iya roƙo ba, kuma jan kifi ba abin da mutum ke rabarwa da daɗin rai ba ne. Cikin watan Yuni na ga ta shigo da a-kori-kurarta, wani koren abu ya leƙo ta baya. Kayak ne, ɗan kwalekwalen roba na mutum ɗaya, duk cikinsa ya kakkarce, ta saye shi hannun wasu matasa da za su tashi daga Burlington. Ta tsallako titi ta same ni ina ban ruwan tumatir.

Ta ce, "Wendell, ina so ka riƙa zama da Doyle safiya uku a mako, har a rufe tafki."

Na tambaye ta ko ta taɓa shiga irin wannan abin. Ta ce a'a, amma ta taɓa juya bas mai kujera saba'in a kan ƙanƙara a hanyar Rockport, kuma ba ta jin wannan zai fi shi wuya. Na ce ruwan can yana da sanyi, in ya kife da ita fa? Ta ce ta sayi rigar da ke hana nutsewa. Na yarda. Matata ta rasu shekara biyu kafin nan, safiyata ba ta da wani amfani.

Haka muka fara. Takan fita tun gari bai gama wayewa ba, don jan kifi da hasken farko yake taɓa ƙugiya, rana na hawa kan duwatsu ya nutse ƙasa ya yi shiru. Ni kuma in shigo da fulas ɗina in tarar ta riga ta wanke Doyle, ta sa masa riga, ta jera magungunansa a kan faranti. Mu zauna, in karanta masa jarida, ya ce "a'a" a kan kusan kowane labari.

Kifin nan ba shi da sauƙin kai. A tankar ruwa ake hauro da shi daga ƙasan madatsar da ta tare kogin a juye a tafki, kuma daga ya shiga ba ya ƙara cin abinci. Haushi ne kawai ke sa shi ya kai wa ƙugiya cizo. Sai ka ja masa faifan ƙarfe mai ƙyalli a ƙarƙashin ruwa, a bayansa jajayen ƙugiyoyi biyu da ɗan guntun jatan lande, da dalma mai nauyi da za ta kai su inda yake. Masu inji suna zaune suna shan gahawa jirgi yana ja musu. Mai kayak kuwa da kafaɗunsa yake ja, sanda a maƙale gefe, ido ɗaya a kan bakinta, ɗaya a kan kututturan tsohon daji da ruwa ya shanye, waɗanda in suka kama maka zare sai dai ka yanke.

Fita tara ta yi a jere ba ta kama komai ba. Ta yi asarar faifai uku a kututture. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. A wurin saukar da jirage akwai Burl Hatley, tsohon abokin aikin Doyle, mutum mai ƙaton ciki da ƙaton jirgi, wanda bai taɓa ganin abu ya ƙyale ba.

"Direba, yau ma bas ɗin babu fasinja?" in ji shi, yana ɗaga kifayensa yadda kowa zai gani.

Ta ce, "Kai dai ka riƙa zama a tsakiya, Burl. Tun daga can nake ganin jirgin ya karkata ɓangarenka."

Ita ce ta ba ni labarin, ba ta ko yi murmushi ba. Da ta shigo gida, kafin ta cire takalmi Doyle zai ce "Nawa?" Ta ce babu. Sai ya mai da ido kan talabijin.

A dawowarta ta tara, tana zaune a teburin kicin ta dafe goshi, sai Doyle ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗauki cokalin shayinta. Ya kwantar da shi a kan ledar teburin ya fara jansa, a hankali, a hankali, yana kaɗa shi hagu da dama, har na ƙosa da kallo. Ya kai ƙarshen tebur, ya dawo da shi, ya sake. Sannan ya ja shi da sauri, cokalin ya yi juyi ya faɗi ƙasa. Ya dube ta.

Ta ce, "Sauri nake yi?"

Ya ce, "To."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce shekara nawa tana zaune a jirginsa, ko sau ɗaya bai ga dama ya faɗa mata wannan ba, sai yanzu da bakin ya tafi. Doyle ya saki zagin nan nasa. Ranar ce na fara jin dariyarta tun Nuwamba, gajeriya, kamar tari.

Kwana biyu bayan haka ta dawo da kifi biyu. Ta ce na farkon da ya ja sandar ta ɗauka kututture ne kuma, har ta kai hannu ga wuƙa, sai zaren ya yi gefe. Bakin jan kifi laushi gare shi, in ka matsa masa ƙugiya ta yage ta fita, don haka ta bi shi a hankali, yana juya kayak ɗin kamar ganye, homa a hannu ɗaya sanda a ɗaya, filafili yana neman zamewa ruwa. Da ta ɗago shi ya faɗo mata kan cinya, fari sol kamar azurfa, bayansa shuɗi, yana dukanta da jela. Ta ce ta danne shi da gwiwar hannu ta zauna tana haki, ba ta ji wani farin ciki ba, abin da ta ji kawai shi ne yau ba za ta ce "babu" ba.

Muka jiƙa naman cikin gishiri da jan sukari, muka tura keken Doyle bakin ɗakin ƙyafa da ya gina a bayan gida. Duk itacen da ta ɗauko sai ya ce "a'a", har ta kai ga busasshen itacen alda da ya ɓoye a ƙarƙashin rumfa. Ya ci kifin nan da yamma yana lumshe ido. Kafin a rufe tafki a shekarar ta cika kwalba ashirin da shida, kuma da su ta lallaɓa shi har ƙarshen hunturu, cokali ɗaya a cikin dankali, cokali ɗaya a cikin ƙwai. Ya mai da ɗan jiki.

Shekara ta biyu hannunta ya faɗa. Ta san inda kifi ke taruwa a saman tafki, ta san zurfin da za ta sauke dalma in an yi kwana uku ana zafi. Burl ya daina tambayar fasinja, ya koma tambayar a ina ta tsaya, ita kuma ta riƙa nuna masa wani wuri daban. Amma watan kamun kifi guda ne da 'yan kwanaki, sauran shekarar kuwa Doyle ne. Ta ɗaga shi daga gado zuwa keke, daga keke zuwa banɗaki, ta wanke, ta shafa, ta aske masa gemu, ta juya shi sau biyu kafin safiya don kada bayansa ya yi gyambo. Mutumin bai zama mai sauƙin hali don ya kwanta ciwo ba. In ransa ya ɓaci yakan share tebur da hannu, kofi da faranti su tarwatse. Na sha shigowa in tarar da ita a durƙushe tana tsince fasassun tangaran. Ƙasan idanunta ya yi baƙi. Takan tsaya a tsakiyar kicin da tukunya a hannu ta manta inda za ta kai ta.

'Yarsu ɗaya, Rena, tana aiki a Spokane, tafiyar wuni guda a mota. Ta zo a watan Satumba na shekarar, ta ga uwarta tana ɗaga ubanta, ta fita baranda ta yi kuka. Da yamma ta kawo maganar gidan kula da tsofaffi. Ta ce akwai masu kyau a ƙasan kwari, akwai ma'aikata, akwai na'urar ɗaga mutum. Ta ce in aka ci gaba a haka, marasa lafiya biyu za ta zo ta tarar. Ardis ta saurare ta har ƙarshe, ta ce Doyle ba zai yi wata uku a irin wurin nan ba, kuma ita ba ta gaji ba. Rena ta ce, "Mama, kin sa madara a kabad ɗin kwanuka yau da safe." Ardis ta ce kowa na yin haka. Rena ta koma ranar Lahadi.

A shekara ta uku ne na lura lokacin dawowarta ya canza. Da, ƙarfe tara da rabi tana gida. Yanzu sai sha ɗaya, wani lokaci har sha biyu, alhali kowa ya san bayan takwas kifi ya gama. In ta buɗe akwatin sanyi, rabin ƙanƙarar ya zama ruwa. Ban tambaya ba. Burl ne ya tare ni a gidan mai, ya ce shi fa ya ga abin mamaki: kayak ɗin Direba ɗaure a jikin wani kututture cikin wani lungu da iska ba ta kaiwa, ita kuma ta miƙe ƙafa ta rufe fuska da hula. Ya ce har ya kashe inji ya matsa don ya tabbatar tana numfashi, sai ya ji minshari. Yana faɗa yana dariya, amma da ya ga ban yi ba, ya ce ba wanda ya faɗa wa sai ni.

Na riƙe abin a cikina. Wata safiya da ta dawo, muna wanke kifi a famfon waje, ita da kanta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, tun ƙarfe bakwai take gama kama rabonta. Ta ce a can ne kaɗai take barci ba ta kasa kunne ba. A gida ko ta rufe ido, rabinta yana ɗakin Doyle. A kan ruwa kuwa waya ba ta kamawa, babu mai iya kiranta, ko me ke faruwa ba ita ce mai tashi ba. Na ce mata ta yi barcinta, ni ba inda za ni.

Ranar wata Talata a ƙarshen Yuli kuwa ina da inda za ni. Likitan ido ya ba ni ƙarfe goma a Mount Vernon, kuma wata huɗu na yi ina jiran ranar. Na faɗa mata tun Lahadi, ta ce takwas da rabi tana gida. Takwas da rabi ta yi, tara saura kwata ta yi. Na kira wayarta duk da na san ba za ta shiga ba. Tara da minti goma ina tsaye a taga da makulli a hannu. Doyle ya dube ni, ya dubi agogo, ya kaɗa mini hannu wajen ƙofa, ya ce "To, to." Na tambaye shi ko yana son banɗaki, ya ce "A'a." Na ajiye masa ruwa, na danne birkin keken, na ce wa kaina tana kan hanya, minti goma ne. Na tafi. Wannan rabon laifin nawa ne, kuma ban taɓa neman wanda zai ɗauke mini shi ba.

Ardis ta kama kifi huɗu kafin bakwai. Ta duba agogo ta ga tana da rabin awa, ta ce bari ta ɗan jingina. Zafin rana a wuyanta ne ya tashe ta, sha ɗaya ta wuce. Ta ce ba ta san yadda ta kai bakin ruwa ba, ba ta san yadda ta ɗora kayak a mota ba. Da ta buɗe ƙofar gida ta ga keken a falo babu kowa. Doyle yana kwance a lungun da ke tsakanin falo da banɗaki, ya jiƙe, fuskarsa ta yi toka, ƙafarsa ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Ya yi ƙoƙarin tashi da kansa ya dafa bango. Ƙugunsa ya karye. Likita ya ce ya fi awa biyu a ƙasa.

Na dawo da yamma ido ɗaya a rufe da auduga, na tarar da gidan a buɗe, babu kowa. Sai bayan kwana biyu wari ya tuna mini da akwatin da ke bayan motarta. Na haƙa rami a ƙarshen lambuna na binne kifayen.

Aka yi masa aiki. Rena ta iso a daren, kuma duk wanda ya zaci za ta yi faɗa bai san ta ba. Ta ji yadda aka yi, ta kama hannun uwarta ta riƙe, ba ta ce na faɗa miki ba. Likitoci suka ce Doyle ba zai ƙara iya taimaka wa mai ɗaga shi ko kaɗan ba, mutum ɗaya ba zai iya da shi ba. Wannan karon Ardis ba ta yi musu ba. Ta sa hannu a takardun kamar wadda ake nuna wa inda za ta taka.

Kwana biyar bayan aikin na je dubiya. Ina bakin ƙofa na ji tana yi masa magana, sai na tsaya. Ta ce masa ba taya ce ta fashe ba, ba kuma kifi ne ya riƙe ta ba. Barci ta yi. Ta ce ba ranar ce ta farko ba, duk watan nan haka take yi, ta ɗaure a kututture ta kwanta, shi yana gida yana jiranta. Ta faɗa a miƙe, yadda take faɗa mini abin da ke damun bas. Doyle yana kallon silin. Har na yi niyyar juyawa.

Sai ya ce, "Nawa?"

Ta ce, "Me?"

"Nawa?"

"Huɗu," in ji ta. "Tun kafin bakwai."

Ya ce, "To."

Ta ce amma sun lalace a mota, Wendell ya binne su. Doyle ya juyo da kai ya yi zagin nan da ƙarfi, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ardis ta kifa goshi a kan ƙarfen gadon, kafaɗunta suna rawa. Ban san ko dariya ce ko kuka ba, na je na nemo gahawa.

Aka kai shi wani gidan kula da tsofaffi a ƙasan kwari, tafiyar minti ashirin da biyar. Kullum tana can daga sha ɗaya zuwa biyar, ita ke ba shi abincin rana, don ba ya karɓa a hannun kowa. Na zaci yanzu za ta huta. Ta ce mini har yanzu sau biyu take farkawa a daidai lokacin da take juya shi, ta tashi zaune, sannan ta tuna babu kowa a ɗakin. Wata ukun da ta ce ba zai yi ba, ya yi su, ya ƙara da shekara guda da wata uku.

Da Yulin shekara ta huɗu ya zo ta ce ba za ta je tafki ba. Na bar ta mako guda, sannan na ce kwalaben bara sun kusa ƙarewa. Ta je sau biyar. Ta kama, ta ƙyafa, kuma kullum ƙarfe tara tana gida, duk da babu mai jiranta. Ta ce ta wuce ta lungun nan da take barci sau ɗaya, ba ta tsaya ba. Kafaɗarta ta dama ta fara ciwo har ba ta iya ɗora kayak a mota sai Burl ya kama mata, yana mita wai shi ba ɗan dako ba ne. Ta kai wa Doyle sabon kifi a ƙaramin kwano. Ya ci kamar girman babban yatsa, ya riƙe sauran a baki ya daɗe bai haɗiye ba, sannan ya ture kwanon a hankali.

Ya rasu a watan Fabrairu, ciwon huhu ne ya ƙarasa shi. Bayan an binne shi aka taru a zauren gari, tsofaffin masu saran itace da rigunansu masu ratsi, rabinsu ba sa jin abin da rabi ke faɗa. Ardis ta kawo duk kwalaben da suka rage, goma sha ɗaya, ta juye a faranti da biskit. Burl ya ci, ya ce ya san hannun Doyle a ƙyafa ko ido rufe, wannan nasa ne. Ta ce masa nata ne. Ya ce to gishiri ya ɗan yi yawa.

A watan Afrilu aka yi mata aiki a kafaɗa. Likita ya ce jijiyar ta daɗe da yagewa, ya tambaye ta wane irin aiki take yi, ta ce ita 'yar fansho ce. Ya hana ta filafili na shekara guda aƙalla. Rena tana so ta koma Spokane kusa da ita, har ta samo mata ɗaki. Ardis ta ce za ta yi tunani, kuma har yau tana yi. Kayak ɗin yana jingine a gefen gareji, ta rufe shi da tamfol.

Makon jiya ta kira ni in taya ta cire gangaren katakon da na yi wa keken Doyle a ƙofar gida, don ya fara ruɓewa, ta kusa zamewa a kai. Ni nake zare ƙusoshi, ita tana tara su a gwangwani da hannun hagu, na daman yana rataye a wuya. Ta ce katakon da bai ruɓe ba in ɗauka in gyara akurkin kajina. Mun kai rabi sai yayyafi ya fara. Ta dubi sama, ta dubi abin da ya rage, ta zauna a kan matakala.

Ta ce, "Bar shi haka, Wendell. Gobe ma ƙarasa."

Na tattara kayan aikina na tsallaka titi. Da na waiwaya tana nan zaune, gwangwanin a kan cinyarta, ruwan bai kai ga inda take ba tukuna.